Garmaho Ya Dawo Kasuwa: Yadda Ake Sayensa, Da Kafa Shi, Da Hana Shi Cin Faifai

Duk wanda ke zirga-zirga tsakanin kasuwanninmu na kan iyaka, daga Illela zuwa Birnin Ƙonni, daga Jibiya zuwa Maraɗi, ko daga Kamba zuwa Gaya, ya san yadda kayan lantarki na gwanjo ke isowa daga Turai a cakuɗe, firji da talabijin da dutsen guga da rediyo da lasifika duk a kwantena guda. A cikin irin wannan tarkace ne akan tsinci wani inji mai faranti a bisa da siririn hannu a gefe, wanda da yawa daga cikin yaran shago ba su ma san sunansa ba. Wannan shi ne garmaho na lantarki, injin da ake ɗora wa faifai ya yi waƙa. Wasu kan yasar da shi a lungun shago ƙura ta cinye, wasu kuma su jona shi da wuta don gwaji, nan take ya yi hayaƙi, kuɗi ya tafi.

Mu da muke aiki a gidan rediyon al'umma muna da dalilin damuwa da wannan inji, domin kuwa akwai muryoyin magabata da yawa da ke kwance a kan tsofaffin fayafayai a gidajen jama'a, kuma garmahon da ba a daidaita ba yana iya goge su a 'yan kwanaki. Inji idan ya lalace ana samun wani. Faifan da aka buga shekaru 50 da suka wuce kuwa, idan allura ta cinye shi, babu kamfanin da za a je a sayo sabonsa. Shi ya sa muka ga ya dace mu tattaro wa 'yan kasuwa abin da ya kamata a sani, tun daga saye har zuwa gyara.

Me ya dawo da shi?

Idan ba a manta ba, Thomas Edison ne ya fara ƙera injin da ke naɗar murya ya kuma maimaita ta, a Amurka a shekarar 1877, sannan a 1887 Emile Berliner ya yi rajistar garmaho mai amfani da faifai shimfiɗaɗɗe. A ƙasashenmu faifai ya yi zamaninsa sosai, inda kamfanoni irin su EMI da Decca da Philips suka riƙa buga fayafayai a Nijeriya. Mawaƙan Hausa irin su Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, duk an naɗi waƙoƙinsu a faifai. Daga baya kaset ya zo ya kore shi, saboda arha da sauƙin ɗauka, shi ma kaset ɗin faifan CD da memori suka kore shi.

To sai dai a Turai da Amurka abin ya sake juyowa. Alƙaluman ƙungiyar kamfanonin waƙa ta Amurka sun nuna cewa a shekarar 2022 an sayar da faifan garmaho miliyan 41 a ƙasar, alhali CD miliyan 33 aka sayar, wanda shi ne karon farko tun 1987 da garmaho ya wuce gaba. Kamfanin Technics da ya daina ƙera shahararren injinsa SL-1200 a 2010, sai da ya koma ƙera shi a 2016. Har waƙoƙin yankinmu abin ya shafa, domin a 2013 kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya buga kiɗan Mamman Sani na Nijar a faifai, haka kuma ya fitar da wani faifan na waƙoƙin finafinan Hausa mai suna Harafin So. Ma'anar wannan ga ɗan kasuwa ita ce, allura da bel da sauran kayan gyara sun dawo ana ƙera su, kuma tsohon inji mai lafiya da tsohon faifai mai tsabta sun zama haja.

Faifai iri uku ne

Kafin a taɓa inji sai an san faifai. Na farko shi ne mai juyi 78 a minti guda, wanda shi ne na zamanin garmaho mai wani. Da wani irin ƙaro ake yinsa, yana da nauyi, ba ya lanƙwasa, idan ya faɗi yakan fashe kamar tangaran, kuma kowane gefe bai cika wuce minti 3 ba. Na biyu shi ne babban faifai mai faɗin inci 12, mai juyi 33 da sulusi, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, kowane gefe yana ɗaukar wajen minti 20. Na uku shi ne ƙarami mai inci 7, mai juyi 45, wanda kamfanin RCA ya fito da shi a 1949. Waɗannan biyun na ƙarshe da roba ake yinsu.

A kan kowane faifai akwai siririn kwari guda ɗaya tak a kowane gefe, wanda ya faro daga baki yana kewayawa har tsakiya, kamar yadda ake ɗinka faifan kaba. A babban faifai tsawon wannan kwari ya kusa rabin kilomita. Muryar tana cikin 'yan lanƙwashe-lanƙwashen bangon kwarin ne, allura na bi tana karkarwa, kan da ke riƙe da ita yana mayar da karkarwar ta zama 'yar wutar lantarki. Don haka duk abin da ya kankare bangon nan ya kankare murya.

A nan akwai gargaɗi biyu. Kada a kuskura a ɗora faifan roba a kan garmaho mai wani, domin allurarsa ta ƙarfe ce, kuma nauyin kansa ya haura giram 100, sau ɗaya ya isa ya kashe faifan. Haka zalika kwarin faifai mai juyi 78 ya fi faɗi, allurarsa ta kusa ninka ta faifan roba sau huɗu a kauri, saboda haka yana buƙatar tasa allurar daban.

Kafin a biya kuɗi

Abu na farko da za a duba shi ne 'yar takardar da ke manne a bayan inji ko ƙarƙashinsa. Wutar Nijeriya da ta Nijar tsakanin 220V ne zuwa 230V, daidai da ta Faransa da Jamus da Ingila, don haka kayan Turai ba su da matsala ta wannan fuska. Na Amurka kuwa 120V ne, na Japan 100V. Duk wanda ya jona irin waɗannan kai-tsaye da wutarmu ya ƙone su. Wasu injunan suna da maɓallin sauya ƙarfin wuta a baya ko ƙarƙashin faranti, sai a tabbatar yana kan 220 ko 230. Wanda ba shi da maɓallin sai an haɗa shi da taransfoma mai rage wuta.

Akwai kuma lamba ta biyu a wannan takarda da mutane ba su cika kula da ita ba, wato 50Hz ko 60Hz, wadda ke nuna yawan bugun wuta a daƙiƙa guda. Tamu 50 ce, ta Amurka 60. Tsofaffin injuna da dama da bugun wuta suke auna saurinsu, saboda haka idan aka kawo mai 60Hz nan, ko an sa masa taransfoma zai rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, maimakon juyi 33 ya riƙa yin wajen 28, sai a ji mawaƙi yana jan murya kamar mai jin barci. Taransfoma ba ta gyara wannan. Maganinsa sai an sauya ɗan ƙarfen da ke kan injin juyi, wanda samunsa ke da wuya. Idan takarda ta nuna 50/60Hz a haɗe, to babu wannan damuwa.

Daga nan sai a ɗaga tabarmar robar da ke kan faranti a ga yadda ake juya shi. Akwai mai bel, akwai wanda injin juyi ke maƙale da farantin kai-tsaye, irin Technics SL-1200, akwai kuma mai ƙaramar tayar roba, irin tsofaffin Garrard da BSR da ake samu a cikin manyan akwatunan rediyo na da. Mai juyi kai-tsaye ya fi jure wahala. Mai bel ya fi sauƙin gyara. Mai taya kuwa sau da yawa robar ta bushe, kuma man girisin cikinsa ya daskare.

Sai a juya faranti da hannu ana kallonsa daga gefe. Idan yana hawa da sauka, ko ana jin ƙarar gogayya, a rage kuɗi ko a haƙura. A kama hannun a hankali a kai shi tsakiya a dawo da shi, ya kamata ya tafi sumul ba tare da tirjiya ko girgiɗi ba. Hannun da ya lanƙwashe ko gindinsa ke kaɗawa ya fi komai wuyar gyara. A duba ko dutsen nauyin da ke bayan hannu yana nan, domin shi ne ya fi ɓacewa a kwantena. Ita kuwa allurar da ta zo da injin gwanjo, a ɗauka kawai ta mutu, a sa kuɗin sabuwa cikin lissafi tun wajen ciniki.

Ɗaukarsa a hanya

Hanyoyinmu ba sa tausayin kaya. Kafin a ɗora garmaho a mota, a cire faranti a naɗe shi daban, domin idan aka bar shi yana dukan sandar tsakiya a kowane rami, zai lalata mazauninta. A zare dutsen nauyi, a ɗaure hannu a mazauninsa da ɗan zare, a rufe allura da murfinta. Wasu tsofaffin injuna suna da kusoshi na musamman da ake ɗaurewa lokacin tafiya, waɗanda dole a kwance su idan an isa, in ba haka ba injin zai riƙa ɗaukar duk wata girgiza. Kada a kife shi, kada a ɗora masa buhu.

Yadda ake kafa shi

A samu teburi mai ƙarfi wanda ba ya rawa, nesa da taga da rana. A ɗora ma'aunin magina mai ɗigon ruwa a kan faranti a tabbatar ya daidaita ta kowane ɓangare, in akwai karkata a gyara ƙafafun. Lasifika kuma a ajiye ta a wani wurin daban, kada ta hau teburi ɗaya da injin.

Aiki mafi muhimmanci shi ne daidaita nauyin allura, kuma duk wanda ya taɓa riƙe sikeli zai gane shi nan da nan, domin hannun garmaho sikeli ne, allura a gaba, dutse a baya. Da farko a kashe wuta. A mayar da ɗan maɓallin da ke gefen gindin hannu, mai lambobi daga 0 zuwa 3 ko 4, a kan 0. A cire murfin allura, a saki hannun, a riƙa murɗa dutsen baya a hankali har sai hannun ya tsaya a iska a miƙe, bai yi sama ba bai yi ƙasa ba. A mayar da shi mazauninsa. Daga nan a riƙe dutsen kada ya motsa, a juya zoben lambobin da ke gabansa shi kaɗai har 0 ya zo daidai da layin da ke kan hannu. Sannan a murɗa dutsen gaba ɗaya tare da zoben zuwa nauyin da kamfanin allurar ya faɗa. Yawancin allurai masu kyau tsakanin giram 1.5 ne zuwa 2.5. Misali Audio-Technica AT-VM95E giram 2 take so, Ortofon 2M Red kuma 1.8. Daga ƙarshe a mayar da maɓallin gefen nan kan lamba ɗaya da nauyin da aka sa, domin aikinsa shi ne hana hannu zamewa zuwa tsakiyar faifai. Wanda ke son tabbaci zai iya gwada nauyin da ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinari.

Mutane da yawa na zaton rage nauyi shi ne tausaya wa faifai. Ba haka abin yake ba. Allurar da ba ta zauna sosai ba takan riƙa bugun bangon kwari tana ɓantararsa, ɓarnarta ta fi ta wadda aka ɗan ƙara wa nauyi. Haka nan tsohuwar al'adar nan ta ɗora kwandala a kan hannu don hana tsalle, ita ma kisa ce. Dala ashirin, wato kwandalar sefa 100, ta haura giram 5, ga shi kuwa allurar giram 2 aka yi ta ta ɗauka.

Saura jona wayoyi. Wutar da ke fitowa daga kan allura 'yar mitsitsiya ce ƙwarai, kuma tun wajen buga faifai akan rage kaurin sauti a ƙara kaifinsa bisa wani tsari da kamfanoni suka amince da shi a 1954. Saboda haka sai an bi da ita ta wata na'ura da za ta ƙarfafa ta, ta kuma mayar da sautin yadda yake. A tsofaffin amfilifaya wannan na'ura tana bayan ramin da aka rubuta wa PHONO, nan za a sa wayoyin, ja a ja, fari a fari. Siririyar waya ta uku, wato wayar ƙasa, a ɗaure ta a kusar da aka rubuta wa GND. Idan amfilifaya ba ta da ramin PHONO, sai a sayi 'yar akwatin da ke wannan aiki a sa a tsakani. Sababbin injuna da yawa suna da ita a ciki, da maɓalli a baya mai PHONO da LINE. Idan an sa shi a LINE, sai a jona a ramin AUX.

Gwada sauri ba ya buƙatar kayan aiki. A manna 'yar takarda a bakin faranti, a riƙe agogo. A kan 33 ya kamata a ƙirga juyi 100 cikin minti 3 cif. A kan 45 kuwa juyi 45 a minti guda.

Allura ita ce rai

Allurar da bakinta na lu'ulu'u ne takan yi aiki wajen awa 500 zuwa 1,000 idan fayafayan na da tsabta. Masu arha da ake sa wa ƙananan garmaho irin na jaka, da yawansu ba sa wuce awa 50. Allurar da ta cinye bakinta yakan yi kaifi kamar kurfi, tana tafiya tana sassaƙar kwari, kuma ido ba ya ganin wannan. Alamarta ita ce sauti ya fara shaƙewa, musamman wajen harafin "s" da kuma waƙar ƙarshe ta kusa da tsakiya. Da an ji haka a tsaya.

Kowane kai da irin allurarsa, don haka a rubuta suna da lambar da ke jikin kan kafin a yi saƙon sabuwa daga Kano, Yamai ko Legas. Kamfanin Shure ya daina ƙera nasa tun 2018, amma akwai wasu kamfanonin da ke yin allurar da ke shiga kawunansa. Wajen share allura a yi amfani da ɗan burushi mai laushi, daga baya zuwa gaba kawai, wato yadda faifai ke bi ta ƙarƙashinta. Kada a shafa ta da yatsa don jin ko tana aiki.

Ƙura da zafi

Waɗanda suka ƙera waɗannan injuna ba su san hunturunmu ba. Ƙurarmu yashi ce, idan ta shiga kwari allura ta bi ta kai, tamkar an goga wa faifai takardar gugar katako ne. Bugu da ƙari, bushewar iska a hunturu na sa faifan roba ya riƙa jawo ƙura da kansa, shi ya sa ake jin ƙyas-ƙyas. Don haka a rufe inji da murfinsa a kuma lulluɓa masa zane idan ba a amfani da shi, a goge faifai da burushi mai laushi kafin a ɗora, a mayar da shi rigarsa da zarar an gama. A riƙe shi ta baki da tsakiya, kada yatsa ya taɓa kwari, domin maiƙon hannu ƙura ke bi.

Faifan da ya yi datti sosai ana wanke shi. A samu tataccen ruwa irin wanda ake ƙara wa batirin mota, a tabbatar ba mai asid ba ne, a ɗiga masa ɗigo ɗaya na sabulun ruwa na wanke-wanke. A jiƙa ƙyalle mai laushi a bi kwarin a kewaye, a kiyaye takardar tsakiya, a ɗauraye da tataccen ruwan, a jingine shi a inuwa ya bushe sarai kafin a ɗora. Ruwan rijiya yakan bar gishiri a cikin kwari. Fetur da kananzir da garin sabulu duk ba su da wuri a nan. Shi kuwa faifai mai juyi 78, ko kusa kada sifirit ya taɓa shi, domin narkar da shi yake yi.

Zafi shi ne abokin gaba na biyu. A watan Afrilu zafin Ƙonni da Maraɗi da Sakkwato kan haura digiri 40 a inuwa, balle cikin mota a rufe ko shagon kwano. Faifan da aka bari a irin wannan wuri yakan lanƙwashe kamar kaskon da ya sha wuta, kuma da wuya ya koma daidai. A jera fayafayai a tsaye kamar littattafai, kada a tula su a kwance, kada kuma a bar su a jingine a karkace. A ɗaga su daga ƙasa saboda damina da gara, domin gara na cin kwalin, kuma kwalin rabin darajar faifai ne a wurin masu saye.

Cuta da magani

Idan faranti ya ƙi juyawa alhali ana jin injin ciki na aiki, bel ne ya tsinke ko ya zame. Tsohon bel yakan narke ya zama kamar kwalta, sai a goge wurin da sifirit kafin a sa sabo. A auna tsawonsa da zare a nemo daidai shi. Robar ɗaure kuɗi ko yankin tub ba za su ba da sauri daidai ba. A tuna kuma cewa wasu injunan ba sa fara juyi sai an ɗaga hannu an kai shi kan faifai.

Idan murya na hawa da sauka, ko dai bel ya saki, ko sandar tsakiya ta bushe. A cire faranti a ɗiga wa sandar ɗigo ɗaya ko biyu na man keken ɗinki, a kula kada mai ya taɓa bel. Idan da janareta ake aiki, a san cewa bugun wutarta ba ya tsayawa wuri guda, kuma tsofaffin injuna na bin ta duk inda ta yi.

Idan ana jin ƙugi a lasifika, a fara duba wayar ƙasa, galibi nan matsalar take. In tana ɗaure, a nisanta injin daga sitabilaiza da taransfoma da talabijin, a kuma goge bakin wayoyin idan sun yi tsatsa. Idan kuwa ƙugin sai an ƙara murya yake tasowa yana ƙaruwa, to lasifika ce ta yi kusa, girgizarta na komawa cikin allura.

Idan sauti ya fito ƙasa-ƙasa siriri ko an ƙure murya, an jona a AUX ba tare da na'urar PHONO ba. Idan ya fito da ƙarfi a farfashe, an bi da shi ta na'urar sau biyu, wato maɓallin baya na kan LINE amma an sa waya a ramin PHONO.

Idan lasifika ɗaya ce ke magana, a musanya jar waya da fara a bayan amfilifaya. In shirun ya koma ɗaya ɓangaren, laifin na garmaho ne, in bai motsa ba na amfilifaya ne ko lasifikar. A bayan kan allura akwai 'yan wayoyi huɗu: fara da shuɗiya na hagu, ja da koriya na dama. A duba ko ɗaya ta zare. A ja kunnen mai gyara kada ya sa dalma a ƙafafun kan kai-tsaye, domin zafin na kashe shi.

Idan allura na tsalle ko tana maimaita wuri guda, a bi su ɗaya bayan ɗaya: datti a kwari, ƙura a bakin allura, karkatar teburi, ƙarancin nauyi, sai kuma sandar ɗaga hannu da ba ta sauka duka ba. Idan a wuri guda na faifai guda kawai yake yi, to faifan ne ya ji rauni, a bar injin ya huta.

Kada a sayar da akuya a dawo ana cin danga

Akwai masu yawo gari-gari suna sayen tsofaffin fayafayan Afirka don kai wa masu tara su a Turai da Amurka da Japan, kuma wanda bai san darajar abinsa ba a tsibi zai sayar. Kowane faifai yana da sunan kamfani da lamba a takardar tsakiya. A sa yaro mai waya ya shigar da su a shafin Discogs na intanet, inda masu saye da sayarwa na duniya ke haɗuwa, a ga ko an san shi da kuma yadda ake cinikinsa. Ba kowane tsohon faifai ne ke da tsada ba, amma lafiyarsa da ta kwalinsa su ke yanke farashi, kuma garmaho maras saiti na iya zubar da wannan daraja a zama guda.

Bayan kuɗi kuma akwai abin da ya fi kuɗi. A cikin waɗannan fayafayai akwai kirarin sarakuna, da sunayen attajirai da direbobi da garuruwan da mawaƙa suka ambata, da irin Hausar da ba a cika ji ba yanzu. Kafin faifai ya bar gida, a ɗauki muryarsa a adana. Ana jona garmaho da kwamfuta, a naɗa da manhajar Audacity wadda kyauta ce, a zuba a memori. Wannan don ajiya muke nufi, domin buga shi a kai kasuwa ba da izinin masu haƙƙi ba wata magana ce daban.

Daga ƙarshe muna kira ga 'yan kasuwarmu da ke sayar da waɗannan injuna da su riƙa haɗa wa mai saye da sabuwar allura, su kuma daidaita masa nauyi kafin ya bar shago. Masu gyaran rediyo su ma su koyi wannan aiki, domin sana'a ce da masu ita suka yi ƙaranci. Waɗanda kuma suka gaji fayafayai a akwatunan iyaye, su fito da su daga ɗakin kwano su jera su a inuwa, su tuntuɓi gidan rediyo mafi kusa da su kafin su ɗora su a kan injin da ba su san lafiyarsa ba. Allah Ya ba da kasuwa mai albarka, amin.